Kambi a Oyo, Iko a Ibadan: Nazarin Tushen Siyasar Jihar Oyo daga 1830 zuwa 2025

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka yi jihar da ke ɗauke da sunan Oyo ragamarta take hannun Ibadan. Hujjar da ta kafa ita ce, tun rushewar tsohuwar daular Oyo a shekarun 1830 ƙasar take rayuwa da tafarki biyu na halascin mulki: sarautar gado ta Alafin, da shugabancin da mutum ke samu da ƙarfinsa da yawan mabiyansa, irin na Ibadan. Turawan mulkin mallaka da jam'iyyun siyasa da gwamnoni duk sun jingina da ɗaya domin su danne ɗayan, ba kuma wanda ya raba gardamar. An dogara da ayyukan masana tarihi da aka wallafa da kuma al'amuran da suka faru a bainar jama'a, aka kuma duba matsayin Hausawan Sabo a cikin wannan tsari.

Gabatarwa

A Arewa an saba kallon ƙasar Yarabawa a dunƙule, a ce mutanen Awolowo ne, bakinsu ɗaya, ƙuri'arsu ɗaya. Tarihin Jihar Oyo bai yarda da wannan kallo ba. A Ibadan Awolowo ya kafa gwamnatinsa, amma a Ibadan ɗin ya gamu da adawar da ta fi ba shi wahala. Gwamnatinsa ce ta tuɓe Alafin na Oyo, kuma mutumin Ogbomoso ne ya tsaga jam'iyyarsa gida biyu.

Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ce ta ƙirƙiro jihar ranar 3 ga Fabrairu 1976 daga tsohuwar Jihar Yamma, aka yanke Osun daga cikinta ranar 27 ga Agusta 1991. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 28,000, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan miliyan 5.6. Tana da ƙananan hukumomi 33, goma sha ɗaya daga ciki na ƙasar Ibadan ne. 'Yan siyasar jihar suna kasa ta shiyya biyar: Ibadan, Ibarapa, Oyo, Ogbomoso da Oke-Ogun. Tambayar da maƙalar ta sa gaba ita ce: me ya sa har yau ba a daidaita a kan wane ne babba a wannan ƙasa ba?

Daular doki da faɗuwarta

Tsohon birnin Oyo, wanda fataken Hausa suka sani da Katunga, yana can arewa kusa da ƙasar Nufe da Borgu, a sarari ba a kurmi ba. Robin Law, a littafinsa na 1977 kan daular, ya nuna cewa ƙarfinta a kan doki ya dogara, dawakin kuwa daga arewa ake sayo su, don ƙudan tsando ba ya barin su hayayyafa a kudu. Da mahayan nan Oyo ta tilasta wa Dahomi biyan gandu a ƙarni na 18. Masu kula da dawakin, yawancinsu bayi ne daga ƙasar Hausa da Nufe da Barno, Musulmi kuma.

Alafin sarki ne mai alfarma, amma ba mai cin gashin kansa ba. Majalisar Oyo Mesi ta mutum bakwai, ƙarƙashin Bashorun, ita ke zaɓensa, tana kuma da ikon ƙin sa, wanda ma'anarsa ita ce ya kashe kansa. Bashorun Gaha ya yi amfani da wannan iko ya yi ta naɗawa da kawar da sarakuna tun daga 1754, har Alafin Abiodun ya ga bayansa a 1774. Ke nan tun kafin a ji sunan Ibadan, takun saƙa tsakanin mai kambi da mai takobi yana cikin jinin tsarin.

Afonja, wanda ke riƙe da sarautar Are Ona Kakanfo, wato babban sarkin yaƙin daular, ya yi tawaye daga Ilorin. A wajajen 1817 ya haɗa kai da Malam Alimi, bayi Musulmi suka yi ta gudowa daga garuruwan Oyo suna shiga rundunarsa. Ali Eisami, mutumin Barno da ya yi bauta a Oyo, ya shaida wa S. W. Koelle a Saliyo cewa tsoron kada ya gudu ya bi masu tawayen ne ya sa ubangidansa ya sayar da shi zuwa bakin teku. Daga baya jama'ar da Afonja ya tara suka juya masa baya aka kashe shi, Ilorin ta zama masarauta ƙarƙashin tutar Gwandu. A wajajen 1836, bayan an kashe Alafin Oluewu a yaƙi da Ilorin, aka watse daga tsohon birnin. Akwai masu ɗora alhakin faɗuwar daular kacokan a kan jihadi. Wannan bai cika adalci ga tarihi ba: Ilorin ta ƙarasa aikin ne, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, masu sarautar Oyo kuwa su suka fara tsaga shi.

Ibadan: garin da sarautarsa ba ta gado

Yaƙe-yaƙen sun kora dubban mutane kudu zuwa bakin kurmi. A wajajen 1829 wasu mayaƙa daga Oyo da Ife da Ijebu suka yada zango a kan tuddan Ibadan, sansanin ya zama gari. Ba gidan sarauta, ba kakan da kowa zai jingina da shi. Abin da ake tambayar mutum shi ne yaran yaƙi nawa yake da su, bindiga nawa, gona nawa, baki nawa yake ciyarwa. Bolanle Awe da Toyin Falola sun yi bayanin wannan tsari sosai: gidan jarumi runduna ce, masana'anta ce, kuma kotu ce, bayinsa suna noma, yaransa suna yaƙi, matansa suna fatauci. Baƙon da ya zo jiya, in ya nuna bajinta, yana iya samun sarauta. Mata ma suna da layinsu, Iyalode Efunsetan Aniwura ta yi arziki da ƙarfin da ya kai ta ga karo da Are Latosa, jagoran garin, aka kashe ta a 1874.

Shi kuwa Atiba, ɗan Abiodun, ya kafa sabon Oyo a kudu, inda garin yake a yau. Ya san ba shi da runduna, sai ya yi amfani da abin da ya rage masa, wato ikon naɗi. Ya ba Oluyole na Ibadan sarautar Bashorun, ya ba Kurunmi na Ijaye sarautar Are Ona Kakanfo. A ganin wannan maƙala, nan ne aka ƙulla yarjejeniyar da ke bibiyar jihar har yau: Ibadan ta karɓi girma daga Oyo a baki, Oyo ta karɓi kariya daga Ibadan a aikace, kowanne yana ganin shi ya yi wa ɗayan alfarma.

Kariyar ta tabbata a wajajen 1840 a Osogbo, inda mayaƙan Ibadan suka karya mahayan Ilorin suka tsayar da su daga shiga kurmi. Da Atiba ya rasu a 1859, ɗansa Adelu ya gaje shi saɓanin tsohuwar al'adar da ta ce babban ɗa ya bi mahaifinsa kabari. Kurunmi ya ƙi yarda, Ibadan ta tsaya wa Adelu, ta rushe Ijaye a 1862. Daga nan Ibadan ta shimfiɗa tata daular a kan Ijesha da Ekiti, tana ajiye wakilai da ake kira ajele su tattara gandu. Zaluncin waɗannan wakilai ya tayar da ƙawancen Ekitiparapo ƙarƙashin Fabunmi da Ogedengbe, aka shiga yaƙin shekara goma sha shida, daga 1877 zuwa 1893. Samuel Johnson, limamin coci ɗan asalin Oyo, yana cikin masu kai-komon sulhun 1886. Shi ne kuma ya rubuta babban tarihin Yarabawa da ya kammala a 1897 aka buga a 1921. Mai karanta littafin ya riƙa tunawa da cewa daga ƙofar fadar Alafin marubucin yake hangen duniya.

Abin da yaƙe-yaƙen suka bari shi ne tsarin sarautar da babu irinsa a manyan garuruwan Yarabawa. Mutum yakan fara da zama Mogaji, shugaban zuriyarsa, sannan a ba shi Jagun, ya shiga ɗaya daga layi biyu: layin Otun mai mataki 22, ko layin Balogun na mayaƙa mai mataki 23. In na gaba ya rasu kowa ya matsa. Layukan biyu suna karɓa-karɓa wajen fitar da Olubadan, wato sarkin Ibadan. Amfanin tsarin shi ne an san magaji tun da wuri, ba a zub da jini a kan gado. Illarsa ita ce sai mutum ya tsufa tukuf yake kaiwa, shi ya sa zamanin yawancinsu gajere ne. Alafin Lamidi Adeyemi na III ya yi sama da shekara hamsin a kan karaga, daga 1971 zuwa 2022, ya ga Olubadan da dama sun hau sun shuɗe.

Razdan Ross da sabuwar daular takarda

Ibadan ta sa hannu a yarjejeniya da Ingila a 1893, Kyaftin Bower ya zama wakilin Turawa a garin, shi ne kuma ya yi wa Oyo luguden wuta a 1895. Da farko Turawa da Ibadan suka yi hulɗa. Amma da tsarin mulki ta hannun sarakuna ya kankama, wanda Lugga ya gwada a masarautun Arewa, sai aka shiga neman wanda zai tsaya a matsayin sarki mai daraja ta ɗaya. Kyaftin W. A. Ross, Razdan na Lardin Oyo daga 1914 zuwa 1931, ya same shi a wurin abokinsa Alafin Siyanbola Ladigbolu. Aka mai da hedkwatar lardi Oyo, aka sa Bale, wato shugaban Ibadan, ƙarƙashin Alafin, aka tuɓe Bale Irefin a 1914 da Bale Shitu a 1925. J. A. Atanda ya kira wannan zamani sabuwar daular Oyo a littafinsa na 1973. Ikon da Ladigbolu ya samu a ƙarƙashin Bature ya fi na kakanninsa ta wata fuska, domin Oyo Mesi ba ta da sauran ikon ƙin sa. A Iseyin da Okeho talakawa sun yi bore a 1916, aka murƙushe su da bindiga.

Tsarin bai daɗe ba bayan tafiyar Ross. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan tun 1901, koko ya kawo kuɗi, 'yan bokon garin suka yi ta kai ƙara. A 1934 aka ba Ibadan En'e tata mai zaman kanta, a 1936 aka sauya laƙabin Bale zuwa Olubadan, kambin duwatsun ado kuwa sai a 1976 ya samu. Darasin da kowane ɓangare ya ɗauka, kamar yadda nazarin Ruth Watson na 2003 kan rigingimun sarautar garin ya nuna, shi ne girman sarki yanzu a ofishin gwamnati ake yanke shi.

Zamanin jam'iyyu

Shekarun 1950 sun mai da Ibadan cibiyar Yankin Yamma. Kwalejin jami'a ta buɗe a 1948, ilimin firamare kyauta ya fara a 1955, gidan talabijin a 1959, dogon benen Cocoa House a 1965. Sai dai 'yan asalin garin, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, manoma da masu sana'ar hannu da ba su yi boko da wuri ba, sun ga baƙi ne ke cin moriyar, musamman mutanen Ijebu, Awolowo kuwa daga Ikenne yake a ƙasar Remo. Adegoke Adelabu ya karanci wannan ɓacin rai. A zaɓen 1951 jam'iyyar mutanen Ibadan ta ci kujeru shida, biyar suka koma jam'iyyar AG ta Awolowo, shi ya tsaya da jam'iyyar NCNC. Ya kafa ƙawancen Mabolaje, ya shugabanci majalisar gundumar Ibadan a 1954, ya yi ministan tarayya, ya zama jagoran adawa a majalisar Yamma. Da ya rasu a haɗarin mota a Maris 1958, magoya bayansa suka far wa 'yan AG, aka yi asarar rayuka. Kenneth Post da George Jenkins sun rubuta tarihinsa a 1973. Wanda ya duba salonsa zai ga jarumin ƙarni na 19 ne a rigar ɗan majalisa.

A Oyo kuma, Alafin Adeniran Adeyemi na II ya yi karo da Bode Thomas, mataimakin shugaban AG. Bayan mutuwar Thomas a 1953 da tarzomar 1954, gwamnatin yankin ta kore shi daga garin, daga bisani ta tuɓe shi, ya rasu a Ikko. Ga abin mamaki: Oyo da Ibadan, da ba sa ga maciji, sun tsinci kansu a sahu ɗaya na adawa da Awolowo, kowanne da dalilinsa. Samuel Ladoke Akintola na Ogbomoso, wanda ya yi ƙuruciya a Minna yana kuma jin Hausa, ya gaji kujerar firimiya a 1959, ya ɓata da Awolowo a 1962, ya ƙulla ƙawance da NPC ta Sardauna. Maguɗin zaɓen 1965 ya jawo ƙone-ƙonen da aka sani da wetie, aka kashe shi a Ibadan ranar 15 ga Janairu 1966.

Boren Agbekoya na 1968 zuwa 1969 ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne lokacin da talakan ƙauye ya yi magana da bakinsa. Hukumar sayen amfanin gona tana biyan manomin koko ƙasa da farashin duniya, cuta ta cinye itatuwa, ga harajin yaƙin basasa ya ƙaru, ga masu karɓarsa suna cin zarafi. Manoma da mafarauta ƙarƙashin Tafa Adeoye suka ƙi biya, suka kashe Soun na Ogbomoso, suka fasa kurkukun Agodi a Satumba 1969 suka saki 'yan'uwansu. Sai da Awolowo ya taka har Akanran ya gana da su, gwamnati ta rage harajin, kafin wutar ta mutu. Boren bai bambanta mai kambi da mai kujera ba. Duka biyun ya ɗauka bakinsu ɗaya.

Sabo a tsakanin manya

An keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a 1916. Abner Cohen, da ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960 ya wallafa nazarinsa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya tsaya a kan amana. Falke ya kawo shanu daga Arewa ya sauka a gidan maigida, dillalan maigida su sayar wa mahautan Yarabawa bashi, maigida ya tsaya lamuni. Goro kuma ya bi hanyar ya koma. A zamanin En'e hukuma tana mara wa Sarkin Sabo baya. Da siyasar jam'iyyu ta zo a farkon shekarun 1950 wannan goyon baya ya raunana, sai mutanen unguwar suka rungumi Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu. Cohen ya fassara wannan da cewa hanya ce ta tsare kasuwa da haɗin kai. Fassarar tana da ƙarfi, ko da yake ta rage wa imanin mutanen nauyi fiye da kima, kamar ba wanda ya shiga ɗariƙa don Allah.

Abin lura shi ne Sabo ta dace da tsarin Ibadan: maigida mai ciyar da baƙi da tara yara bai yi nisa da jarumin garin ba. Rikicin kasuwar Shasha a Fabrairu 2021, wanda ya kai gwamnonin Arewa zuwa Ibadan neman sulhu, ya nuna iyakar wannan dacewa a lokacin da garin ya bunƙasa fiye da yadda masu unguwanni za su iya riƙe shi.

Addini kuwa bai zama layin rabuwar siyasa a jihar ba kamar yadda baƙo zai zata. A gida ɗaya akan sami Musulmi da Kirista da mai bin dodannin egungun. Iseyin ta shahara da malamai da saƙar aso-oke, Ogbomoso da cocin Baptis, Oyo da bikin Shango wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2023. David Laitin ya kafa hujja a 1986 cewa garin kakanni ya fi addini tasiri a siyasar Yarabawa. Jihar Oyo tana gaskata shi fiye da ƙaryata shi.

Gwamna, na ukun da ya fi su

Bola Ige, gwamnan farar hula na farko a 1979, mutumin Esa-Oke ne, ya tashi a Kaduna. A 1983 jam'iyyar NPN ta tsayar masa da Omololu Olunloyo, aka yi kamfe da cewa lokacin ɗan Ibadan ya yi. Bayan fitar Osun lissafin ya ƙara karkata. Daga 1999 Lam Adesina, Rashidi Ladoja, Abiola Ajimobi da Seyi Makinde duk 'yan Ibadan ne; Adebayo Alao-Akala na Ogbomoso kaɗai ya fita daban. Shi ma ta hannun Lamidi Adedibu ya hau, dattijon da gidansa na Molete ya zama wurin da ake dafa amala ana ciyar da ɗaruruwa kullum, ana kuma raba takara. Da Adedibu ya ɓata da Ladoja, 'yan majalisa 18 cikin 32 suka tsige gwamnan a Janairu 2006, Kotun Ƙoli ta mai da shi a Disamba. Masu sharhi sun kira abin siyasar ubangida kamar sabuwar cuta ce. Tsohuwa ce, Adedibu, wanda ya rasu a 2008, tsarin Oluyole ya gada, sai dai ƙuri'a da 'yan tasha sun maye gurbin bindiga.

Gwamnonin kuma sun gaji alƙalamin Ross. A 2011, bayan ya faɗi zaɓe, Alao-Akala ya sa hannu a dokar da ta cire Alafin daga shugabancin dindindin na majalisar sarakuna, ta mai da shi karɓa-karɓa da Olubadan da Soun. A 2017 Ajimobi ya sake duba dokar sarautar Olubadan ta 1957 ya ba mutum 21 kambi a ƙasar Ibadan, Olubadan Saliu Adetunji ya ƙi amincewa, Ladoja ya kai ƙara ya yi nasara a babbar kotu. A Janairu 2025 Makinde ya ba Abimbola Owoade sandar Alafin duk da cewa wasu daga cikin Oyo Mesi sun tsaya a kan wani ɗan takarar. A Satumba na shekarar Ladoja, da ya shafe shekaru yana hawa matakan layin Otun, ya zama Olubadan na 44: tsohon sanata, tsohon gwamna, yanzu mai kambi.

Taruwar iko a hannun Ibadan ta sa shiyyoyin da ke wajen Ibadan ƙara ɗaga murya. Oke-Ogun, mai ƙananan hukumomi goma da faɗin ƙasar noma har iyakar Jamhuriyar Benin, ba ta taɓa fitar da zaɓaɓɓen gwamna ba, haka ma garin Oyo kansa. Mafitar da ɓangarorin ke ambato ita ce rabuwa: Ibadan tana neman jiharta, sauran suna neman tasu. Sai dai sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri, daga rinjayen kashi biyu cikin uku na wakilan yankin, zuwa ƙuri'ar raba gardama, zuwa amincewar yawancin jihohin tarayya da Majalisar Ƙasa. Tun Yankin Tsakiyar Yamma a 1963 ba gwamnatin farar hular da ta ƙirƙiro jiha a Nijeriya. Ko da an yi, rabuwar za ta bar Alafin da Soun na Ogbomoso a jiha ɗaya, su ma kuwa akwai tsohuwar gardamar fifiko a tsakaninsu.